Wa Ke Tsara Tambayoyin Ciniki a Dawanau?

Mai buɗe shago a intanet da manhaja irin WooCommerce, wadda ta fito a 2011, yakan zauna ya tsara guraben da mai saye zai cike: wane iri, wane launi, guda nawa. Ana yi wa abin kallon sabo, alhali kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ta gaji tsarin tambayoyin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Ba mai cewa "a ba ni wake" ya tsaya nan. Dillali zai ce, "Alhaji, fari ko ja? Kanannado ko ɗan ila? Sabo ko na bara?" In dawa ce, kaura ko farafara. Sannan ya soka ƙarfe a buhu, ya zazzago ƙwaya a tafin mai saye, shi kuma ya ciza ya ji ko ta bushe.

Tarihi ya nuna cewa duk sa'ad da mai saye ya yi nisa da kaya, tambayoyin nan sukan koma rubutu, kuma wanda ya rubuta su shi ke da wuƙa da nama. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba kamfanonin Turawa suka rungumi gyaɗa. Mai matse mai a Ingila ba shi da halin cizawa, don haka sikeli ya ture kwano, aka kasa gyaɗa daraja-daraja. Buhunan da aka jibge dala-dala a Kano sun bi ma'aunin da manomi bai sa baki a kansa ba.

Wani zai ce rubutaccen gurbi ya fi dillali adalci, tunda kilo ba ya tozo, ba a kuma bubbuga masa gindi kamar kwano. Gaskiya ne. Za a ƙara da cewa haƙori ba ya gano komai da komai: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda burbushin maganin ƙwari, abin da cizo ba ya nunawa. Amma wannan ma ai hujjata ce, domin mai sayen nesa ne ya sake ƙaro tambaya, mai sayarwa na gida ya bi dole. Abin da ya bambanta shagon intanet shi ne, a karon nan mai sayarwa ne ke riƙe da alƙalami. In ɗan kasuwar Dawanau ya bar guraben da aka saba gani, girma da launi da nauyi, bai buɗe na iri da na shekarar girbi ba, to kanannado zai shiga buhu ɗaya da kowane farin wake, a kuma saye su a farashi ɗaya.