Tarihin Ƙarfafa Sanholo ta Hanyar Murza

Marubuta sun sha bamban kan shekarar da aka fara ƙarfafa sanholo ta hanyar murza, wasu su ce 1991, wasu 1999. Tushen saɓanin shi ne ana cakuɗa abu biyu. A 1991 ne Wayne Thomas da abokan aikinsa na cibiyar TWI, kusa da Kambirij a Ingila, suka ƙirƙiro waldar murza, mai haɗa falle biyu na sanholo ba tare da an narka su ba. Wannan walda ce zalla. Sai a 1999 Rajiv Mishra da abokansa a Amurka suka karkata dabarar zuwa gyaran jikin ƙarfen kansa, kuma wannan shekarar ce ta fi cancanta a riƙe. A 2003 Mishra da Ma da Charit suka wallafa aikin cusa garin silikon kabaid a fuskar sanholo samfurin 5083, daga baya wasu suka koma ga gari mafi laushi.

Wajen cusa garin, akan tsaga siririn kwari a fuskar fallen, ko a huda ramuka a jere, a ɗura garin alumina ko silikon kabaid wanda ƙwayarsa ba ta kai nanomita 100 ba, a toshe bakin. Sannan a danna wani ƙarfe mai kafaɗa da gajeren tsinke yana juyawa. Gogayya ta zafafa wurin ya yi laushi kamar tuwo a ƙarƙashin muciya, amma bai kai digiri 660 da sanholo ke narkewa ba. Bi ɗaya ba ya wadatarwa, domin garin yakan dunƙule. Sai an maimaita sau uku ko huɗu yake bazuwa.

Masu zubin tukwane a Kano da Maraɗi narka gwangwanaye da tsofaffin kayan inji suke yi, su zuba a ƙasar da aka daddale. Gari mai laushi haka ba ya gauraya da narkakken sanholo, curewa yake yi, kuma in zafi ya yi yawa silikon kabaid kan haifar da wani sinadari mai gautsi. Abin da murza ta kauce wa ke nan.

Waldar ta shiga masana'antu da wuri: kayan jiragen ruwa a Norwe a 1996, rokar Delta II ta Boeing a 1999, kwamfutar iMac a 2012. Cusa gari mai laushin kuwa har yau ya fi zama a ɗakunan gwaji. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu masu bincike sun gwada dama tokar tukar rake cikin narkakken sanholo.