Asalin Kalma: Kwamfuta

Daga Turanci muka aro kalmar kwamfuta, shi kuma ya samo ta daga Latin, inda tushenta ke nufin lissafi. A da, mutum ake kira haka, wato ma'aikacin da ke yini yana lissafi da alƙalami. Daga baya inji ya gaje sunan.

Ni dai "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta fi yi mini daɗi. Na'ura Larabci ce, sunan ƙaton katako mai juyawa kamar gargare yana ɗebo ruwan kogi, irin na birnin Hama a Siriya. Sai dai an fi jin "na'ura mai ƙwaƙwalwa" a labaran rediyo. A ofis kuwa, akawu zai dafa akwatin da ke girke kan teburinsa, ya ce kwamfutar ce ta ƙi tashi.