A ƙera ko a saya? Tarihin tirelar ɗaukar motoci

A shekarar 1898, wani haifaffen Sikotiland mai suna Alexander Winton, wanda ya faro da ƙera kekuna a birnin Cleveland na Amurka kafin ya koma kan motoci, ya sayar da mota 22. A ma'aunin wancan zamani ciniki ne mai kauri, sai dai ya zo masa da ciwon kai. Wasu daga cikin masu sayen suna zaune ne a garuruwa masu nisan ɗaruruwan mil, hanyoyin kuwa ba su da kwalta. Idan aka tuƙa sabuwar mota zuwa ƙofar mai ita, kafin ta isa ta sha ƙura da gargada, ta tashi daga sabuwa.

Babu kasuwar da Winton zai je ya sayi abin da zai ɗauki mota, domin ba a taɓa yin sa ba. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: sai ya gyara ɗaya daga cikin motocinsa, ya ɗora mata gaban wani amalanke mai taya biyu, aka riƙa hawar da sabuwar mota guda a kai. A 1899 ya fara sayar da irin wannan abin ja ga wasu. Ke nan cikin shekara ɗaya tambayar da har yau masu sana'ar mota ke yi wa kansu ta samu: in ƙera nawa, ko in sayi na wanda ya riga ni?

Labari na biyu daga maƙera ya fito. A 1914, wani attajirin katako a Detroit, Frederic Sibley, ya je wurin August Fruehauf, maƙeri mai haɗa keken doki, ya nemi ya yi masa abin da zai ja jirgin ruwansa na shaƙatawa a bayan mota ƙirar Ford Model T. Abin ya yi aiki, har Sibley ya dawo ya ce a ƙara masa wasu don jigilar katako. A 1918 aka kafa kamfanin Fruehauf, wanda daga baya ya shiga sahun manyan masu ƙera tirela a duniya. Masana'antar da ake zuwa saye a wurinta yau, asalinta rumfar maƙeri ce.

Shekaru da dama bayan haka, ƙirar gida ta ci gaba da rayuwa kafaɗa da kafaɗa da ta kamfani. Ford ya fitar da Model T kimanin miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, kuma duk wadda ta mutu takan bar taya da aksil da sifirin. Manomi ko bakanike mai ɗan hannu yakan tsinci waɗannan a bola ya haɗa tirelarsa. Gudun mota bai kai ya kawo ba, doka kuma ba ta cika sa ido ba. Har a 1945, lokacin da Leonard Shoen ya kafa U-Haul bayan ya rasa tirelar hayar da zai kwashe kayansa daga Los Angeles zuwa Portland, da ƙananan tireloli irin na masu walda ya soma. Shi ne ya yaɗa hanya ta uku: wanda buƙatarsa ta kwana biyu ce, haya ta ishe shi.

Abin da ya sauya lissafin shi ne gudu da doka. A 1956 Amurka ta zartar da dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohinta. Waldar da ke jure tafiyar hawainiya a kan turbar gona sai ta koma fuskantar gudun kilomita 100 a awa da mota sukutum a bayanta. A 1966 aka yi dokar tarayya kan ingancin ababan hawa, daga 1981 kuma aka daidaita lambar shaida mai harafi da alƙaluma 17 da kowane kamfani ke bugawa a jikin abin da ya ƙera. Tirelar kamfani takan fito da wannan lamba da allon da ke faɗin iyakar nauyin da za ta ɗauka. Ta gida kuwa, a jihohi da yawa sai mai ita ya kai ta an duba, ya nuna rasiɗin ƙarafa, sannan a ba ta lamba. Jihohi da dama kuma sun wajabta wa tirela birkinta na kanta da zarar nauyinta ya kai wajen kilo 1,360.

Dalilin wannan tsanani yana cikin yadda tirelar take aiki. Wadda aka fi sani tana da tsawon ƙafa 16 zuwa 20, da aksil biyu da ke ɗaukar kimanin kilo 3,175 jimilla, har da nauyin ita kanta tirelar. Ana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan maƙalar da ta haɗa ta da motar da ke ja. Idan mai ƙira ya matsar da aksil gaba fiye da kima, nauyi ya rinjayi baya, tirelar za ta fara kaɗa wutsiya a kan gudu har ta fi ƙarfin direba. Wannan kuskure ba ya nuna kansa a cikin gareji, fenti ya rufe komai. A kan titi yake bayyana, inda akwai iyalan wasu.

Shi ya sa ma'anar “ƙerawa” kanta ta ragu. Ba'amurken da ya ce yau zai haɗa tirelarsa, aksil da birki da maƙala da fitilu duk daga kamfani yake sayo su, sau da yawa har da zanen injiniya. Abin da ya rage masa shi ne yanka da walda. Ribarsa ita ce samun daidai fasalin da yake so, misali bene mai ƙasa-ƙasa don motar tsere. Ragin kuɗi kuwa yakan narke idan aka lissafa farashin ƙarfe da makonnin aiki da wahalar inshora da faɗuwar daraja ranar sayarwa. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Tambayar ba baƙuwa ba ce ga dillalin da ke ɗauko motoci daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000. Masu walda a wurare irin Panteka ta Kaduna magadan sana'ar Fruehauf ne, kuma raina hannunsu rashin sanin tarihi ne. Amma kafin dillali ya ba da kafin alƙalami, yana da kyau ya nemi amsar abu uku a rubuce: nauyin da aksil ɗin zai ɗauka, ko akwai birki a tayoyin tirelar, da sunan wanda zai amsa tambaya idan walda ta ɓalle a hanya. Winton bai buƙaci waɗannan ba, domin mota ɗaya yake ɗauka a hankali a kan hanyar da ba kowa. Wanda zai bi titin Kaduna zuwa Zariya da yamma ba shi da wannan uzuri.