Daga Fanisau zuwa Kew: Yadda Ake Koyon Aikin Lambu

Wanda ya bi hanyar Katsina ya ratsa ta Bacirawa a yau zai ga bulo da kwano a wuraren da dattawan unguwar suka sani da gero da dawa. Wannan yanki na ƙasar Ungogo yana cikin karkarar da Michael Mortimore ya yi nazarinta a shekarun 1960, inda ya nuna yadda jama'a masu yawa ke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ta gaji ba. Sirrin yana ga taki da itatuwa. Da rani jakuna kan shiga birni da itacen girki, su komo da mangala cike da taki. A tsakiyar gonaki kuma ana barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da amfaninsa.

Ba a aji aka koyi wannan ilimi ba. Makarantarsa ita ce gandu: yaro yana bin mahaifinsa gona, sannan a yanka masa gayauna ya gwada hannunsa. A lambunan bakin rafin Jakara kuwa, ɗan koyo yakan fara da jan ruwa da jigo, ya koyi ja da fangali, ya san lokacin dashen albasa da latas. Sai ya shekara yana ɓata iri kafin a yarda ya iya.

Akwai wata makarantar kuma, mai ɗacin tarihi. Fanisau, wadda ba ta da nisa da Bacirawa, gari ne da Sarki Ibrahim Dabo ya mayar ribaɗi, kuma Hugh Clapperton ya ziyarce ta a 1824. A nan da Ɗorayi da Nasarawa sarakunan Kano suka riƙe manyan gandaye, Shamaki na cikin masu kula da su. Kamar yadda binciken Mohammed Bashir Salau kan Fanisau ya bayyana, bayi ne suka ɗauki nauyin aikin. Su ma sun gadar wa 'ya'yansu sanin ƙasa da tsiro, sai dai tarihi ya adana sunayen sarakuna ya manta da na manoman.

Don a gane abin da muka rasa, sai a dubi Ingila. Lambun Kew da ke Landan, wanda aka kafa a 1759, ya ɗauki wannan koyo na hannu ya ba shi tsari. Tun ƙarni na 19 yake karɓar matasan da suka riga suka taɓa aikin lambu: su yi aiki da rana, su saurari lacca da yamma, su fita da takardar shaida. A 1963 aka mayar da tsarin difloma ta shekara uku, inda ɗalibi ke zagaya sassan lambun yana aiki ana biyansa. Ba a raba littafi da fartanya ba.

Wannan tsari ya iso Najeriya ta bakin teku. A 1887 Gwamna Alfred Moloney ya buɗe lambun gwajin tsirrai a Ebute Metta, Legas. Daga nan aka tura matasa biyu, T. B. Dawodu da F. G. R. Leigh, suka yi horo a lambunan Jamaika a farkon shekarun 1890, suka ƙarasa a Kew, suka dawo suka yi aiki a gida. Manufar mulkin mallaka a fili take, wato samar da amfanin gonar da za a fitar waje. Amma hanyar horon ta yi aiki.

Arewa ta bi wani tafarki dabam. Tashar Samaru da aka kafa a 1922 ta fi mayar da hankali ga auduga da gyaɗa da hatsi. Ilimin tsirrai na Bahaushe kuwa, likita J. M. Dalziel ya tattara shi daga bakin manoma da masu magani, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. An kai sunayen cikin littafi, an bar masu ilimin a gona, ba wanda ya ɗauke su malamai.

Zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, ya kawo dama mafi girma. An gina madatsun ruwa irin su Tiga da Ɓagauda, an buɗe Gidan Zu da itatuwansa, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura. Yau akwai kwalejin aikin gona mai sunansa a Ɗambatta, akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Ɓagauda. Cibiyoyi dai ba mu rasa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gadar da za ta haɗa su da tsohon manomi. Sau da yawa mai takardar shaida bai taɓa yi wa mangwaro aure da hannunsa ba, mai renon dashe a bakin titi kuwa, wanda ya ƙware a kai, ba shi da takardar da za ta sa a saurare shi.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Ya isa a ware wani sashe na tsofaffin lambuna, a tura ɗalibi ya yi damina da rani cur a ƙarƙashin gwanin lambu, a biya shi, a biya malamin nasa, a kuma rubuta sunan malamin a takardar shaidar. Lokaci ne kawai ba ya jira. Duk gonar da aka yanka filaye a Bacirawa, da ita ake sayar da ajin da ake koyar da wannan ilimi, kuma dattijon da ya san dalilin da ya sa gero ya fi kyau a gindin gawo ba zai daɗe yana jiran ɗalibi ba.