Amsoshin Wasiƙunku: Wuƙar Lantarki a Ɗakin Tiyata

Wani mai sauraronmu daga Ɗambatta yana tambaya, wai da gaske ne likitoci na yanka mutum da wutar lantarki?

To malam, gaskiya ne. Tun kaka da kakanni mun san magani da ƙarfe mai zafi, ga sakiya ga lalas. A 1926 wani Ba'amurke, William Bovie, ya ƙera na'urar, likita Harvey Cushing kuma ya cire wa wani majinyaci ƙari a ka da ita a birnin Boston.

Wutar gida tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa take fizgar mutum. Na'urar kan ɗaga ta zuwa wajen sau 500,000, dab da matsakaicin zangon rediyonka. A nan jijiya ba ta jin fizga, sai zafi a bakin tsinken kawai. In an sake ta a jere sai ta yanka, in ana katse ta sai ta tsai da jini. Faifan da ake manna wa a cinya shi ke mai da wutar cikin na'ura.

Saboda haka kada tsoro ya hana ka zuwa tiyata. Ka cire zobe, in kana da batirin zuciya ka gaya wa likita. Allah ya ba mu lafiya, amin.