Daga Gwandu zuwa teku: hanyar ruwan da laka ta riga jirgi

A shekarar 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya iso Gwandu da takardar yarjejeniya, yana neman sa hannun Sarkin Gwandu Maliki a madadin kamfanin Ingila da daga baya ya zama Royal Niger Company. Garin Gwandu ba a bakin Kwara yake ba, amma ikonsa ya bi kogin, daga Nupe da Ilorin zuwa Yawuri har Sayi. Duk mai son cinikin kogin dole ya biyo ta fadar. Shi kansa Thomson bai iso da jirgi ba. A ƙasar Nupe ya sauka, ya ƙarasa ta tudu, domin a gaba akwai duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806.

Duwatsun nan su ne katangar da ta raba ƙasar Kabi da teku. Da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya haɗiye su tare da tsohon garin Busa, tafkin ya miƙe har Yawuri, aka tashi mutane sama da dubu arba'in. Lantarki shi ne babban dalili, amma injiniyoyi sun saka wa madatsar mashigar jirage: wani ɗaki ne mai ƙofofi gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe, a cika ɗakin da ruwa har ya ɗaga shi zuwa tsayin tafki, sannan a buɗe masa. An yi irinta a madatsar Jebba. A takarda, hanya ta buɗe ke nan.

Sai dai kogi ba ruwa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Masunta da manoman bakin Kwara sun san ambaliya biyu a shekara. Baƙin ruwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan garau da sanyin hunturu. Farin ruwa kuwa na damunarmu ne, kuma gulbin Kabi, wanda ke wucewa ta Argungu da Birnin Kabi da gefen Kalgo, yana cikin manyan masu kawo shi, bayan ya tattaro Rima da Zamfara. Laka ce ta ba shi wannan launi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ruwa mai gudu yana riƙe kayansa, idan ya lafa sai ya sauke. Yashi ke fara zama, laka mai laushi ta biyo baya. Kafin madatsai, inda ruwan ke lafawa shi ne fadama: ya malale gonakin Kalgo da maƙwabtanta, ya janye ya bar musu taki, shinkafa ta tashi a kai. Madatsa tana ƙirƙiro sabon wurin lafawa. A Kainji, wurin shi ne kan tafki ta wajen Yawuri, daidai inda jirgin da ya nufo Kabi zai bi. Idan aka ja ruwa da rani, tudun yashi ya fito.

A sama ma haka aka yi. An kammala Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, Goronyo a kan Rima a 1984. Binciken da aka yi a ƙasan Bakolori ya nuna ambaliya ta ragu, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa. Lakar da a da take gangarowa kuma tana kwance a cikin tafkuna tana cin wurin ruwa. A 2018, da ruwan Goronyo ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, cikewar ƙasa na cikin dalilan da hukumomi suka bayar.

Dabarun magance wannan ba ɓoyayyu ba ne. Ana buɗe ƙofofin ƙasa lokacin farin ruwa don laka ta wuce, ana kafa shingaye masu matse kogi don ya share hanyarsa da kansa, ana kuma yasa. A ganina a nan aka yi sakaci mafi tsada, domin gina mashiga aikin sau ɗaya ne da ake yanka masa kirtani, yasa kuwa aikin kowace shekara ne, ba mai ɗaukarsa hoto.

Da aka tashi yasar Kwara a 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aikin daga Warri ne zuwa Baro, kilomita 572. Baro tana can ƙasa da Jebba. Mashigar Kainji ba ta taɓa zama hanyar jiragen kaya ta yau da kullum ba, shinkafar Kalgo kuma a mota take tafiya kudu. Waɗanda ke bin ruwan har yau su ne masu kwale-kwalen katako, irin wanda ya kife da mutane sama da ɗari kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayu na 2021.