Tarihin Kurminmu da Gonakin da ke Kewaye da Shi

Muna gaida dattawa da ke gida, da ƴan'uwa da ke neman abinci a Yamai, da Arlit, da Kano, da Legas. Wannan karo za mu yi magana bisa kurmin da ke bakin garinmu, don mu tuna yadda anka yi ya rage ɗan wannan.

A zamanin kakanninmu, daji ya fi gona yawa a ƙasar Maradi. Bayan faɗuwar Katsina a 1807, Katsinawan da sunka ƙi bin masu jihadi sunka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maradi wajen 1819. Yaƙi bai ƙare ba tsakaninsu da masu riƙon Katsina. Saboda haka mutane sunka taru bakin gulbi, cikin garuruwa masu ganuwa, babu mai yarda ya kai gona nesa. Dajin da ke tsakani ya zama na maharba da mayaƙa. Dajin Baban Rafi da ke kudu saura ne daga cikinsa.

Kurmin gari kuwa al'ada ta tsare shi. Ba a shiga da gatari sai da izinin mai gari, ba a saran ɗanyen icce, sai dai mata su tsinci busasshe. Can gabas, a Damagaram, ana ba da labari Sarki Tanimun ya hana saran gawo, ya sa horo mai tsanani ga wanda ya taɓa shi. Sun san abin da suke yi: gawo yana zubda ganye da damana, hatsi ya samu rana da taki, da rani kuma ya ba bisashe inuwa da abinci.

Da Nasara sunka zo, yaƙi ya kwanta, mutane sunka watsu bisa jigawa suna kafa ƙauyuka. Ga lanho, sai da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa gujiya ke kawo su. Kowa ya shiga sassabe. A 1935 Faransa ta yi dokar daji, icce ya zama na gwamnati. Bayan mulkin kai anka kafa SONARA a 1962 don sayen gujiya, gonaki sunka ƙara cin daji. Dokar daji ta 1974 ta bi sawun ta Nasara: gawon da ke tsakiyar gonarka, in ka sare reshe ba takarda, ma'aikatan daji su ci ka tara. To, wa zai reni abin da zai ja masa tara? Manomi ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun ba a gani ba. Malaman gona ma suna yabon gona fetal.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974, ya komo a 1984, shekarar da muke kira El Buhari. Dattawa sun san abin da ya riƙe rayuka: dilo na anza, da ganyen jiga, da aduwa, da kuɗin iccen da anka kai kasuwa. Kurmi ya ciyar da mu, mu kuma munka kusa ƙarasa shi. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku.

Gwamnati ta yi ƙoƙari. Tun 1975 anka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, a 1984 kuma anka yi babban taro a Maradi bisa yaƙi da hamada. Amma dashe da yawa ya mutu, don ba mai ba shi ruwa, ba mai kore masa awaki. Abin da ya kama shi ne sassaben zamani. Wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan sabara da kalgo da ke gonaki suna da rai a ƙasa. Maimakon a share su duka, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse saura. A wajen Matamaye da Magariya manoma da kansu sunka bar gawo ya tashi. Dokar ƙasar noma ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sunka ƙarfafa hannun mai gona. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sunka tashi bisa hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Ga abin lura, jama'a. Iccen gona ya komo don an san mai shi. Kurmi kuwa na kowa ne, shi ya sa kowace shekara mai gona a gefe yana ƙara kunya ɗaya ko biyu, masu amalanke suna shiga da dare. Ɗiyanmu sun yi yawa, gonakin gado sun tsattsage, ba mu zargin kowa. Amma in munka yi shiru, jikokinmu sai dai su ji sunan kurmi.

Don haka muna roƙon dattawan da sunka san iyaka su zaga ta tare da mai gari da kwamitin filaye, a kafa alama, a rubuta, tun suna da rai. A kira makiyaya su ma, don burtalinsu nan ya bi. Ƴan'uwa na birni su taimaka da kuɗin takarda da na mai gadi. Wanda ke da gona a gefe, a zauna da shi cikin mutunci kafin shuka.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi jiƙan magabatanmu. Amin.